Ma'aji ya ga giɓi a kuɗin baiko: ya yi shiru ko ya faɗa?

Ɗan'uwa a Cikin Almasihu: Salama gare ku. Idan ma'ajin ikkilisiya ya ga abin da aka ƙirga ranar Lahadi bai yi daidai da abin da ya shiga banki ba, wani dattijo kuma ya ce a gyara littafin don rufin asiri, me ya kamata ya yi?

Dattijon Ikkilisiya: Ɗana, kada ya taɓa littafin. Da zarar ya canja lamba ɗaya, laifin ya zama nasa, domin sa hannunsa ne a ƙasa. Ya bi Matiyu 18:15-17. Ya fara samun dattijon su biyu kaɗai, da takardar ƙirga da rasit na banki a hannu. In dattijon ya ƙi ji, ma'ajin ya koma da mutum ɗaya ko biyu. Sai bayan nan maganar ta je gaban majalisar dattawa. Yawanci inda ake ɓata lamarin shi ne a fara da tsegumi a ƙofar majami'a.

Mama Zumunta: Gaskiya ne, Baba. Amma giɓi ba kullum sata ba ne, wani lokaci an sayi man janareto ba a rubuta ba. Ya yi tambaya kafin ya zargi kowa.

Malamin Littafi: A kuma toshe ƙofar da giɓin ke shigowa. Mutum biyu ko uku su ƙirga baiko nan take bayan sujada, su sa hannu, a kai banki ranar Litinin. Bulus ma bai yarda ya riƙe gudummawar Urushalima shi kaɗai ba (2 Korintiyawa 8:18-21).