Wanda ya sauka baƙo a Argungu, ina zai ci abinci?

Baƙo daga Funtuwa:
Assalamu alaikum jama'a. Aiki ya kawo ni Argungu, zan yi kamar wata uku, iyalina kuma suna gida Funtuwa. Yau kwanana biyar, kuma abin da na sani kawai shi ne teburin mai shayin da ke kusa da masaukina. Na zaga bakin titi da yamma na ga gidajen abinci biyu ko uku masu allo da kujerun roba, na shiga ɗaya na ci shinkafa da miya, ba laifi, amma irinta ce ake samu a kowace tasha. Raina yana ba ni cewa garin da duniya ta san shi da kifi ba zai rasa abin da ya fi wannan ba. Don Allah wanda ya taɓa zama ko ya saba wucewa ya gaya mini inda ya ci ya ji daɗi, da lokacin da ake zuwa.

Ɗan Gulma:
Wa alaikumus salam, barka da zuwa ƙasar Kabi. Malam, abu na hwarko, ka daina neman allo. Mu nan wanda abincinta ya yi suna ba ta rubuta komi, tukunyarta ka ƙarewa kahin masu allo su kunna janareta. Ka tashi bayan sallar asuba ka bi hayaƙi. Inda duk ka ga tanda bisa wuta da yara tsaye da kwanoni, nan ne. Masar garin ga ta shinkahwa ce da anka noma nan fadama, ba ta da tsami da yawa, cikinta kamar soso. Ka ce a zuba maka miya, in kana so kuma ta barbaɗa ƙuli da yaji. In ƙarfe takwas ta yi maka ba ka je ba, sai gobe.

Malamar kwaleji:
Na yi karatu a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie, daga baya kuma na dawo garin da aure, don haka na ci abincin Argungu ina ɗaliba, na ci ina uwar gida. Abin da Ɗan Gulma ya faɗa gaskiya ne, amma bari in ƙara maka na rana.

Akwai wata dattijuwa da muke zuwa wurinta muna ɗalibai, rumfar zana ce jingine da katangar gidanta, benci biyu da tabarma ɗaya. Tuwon shinkafa take yi da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, wani lokaci ta yi ta yakuwa, wadda mutanen nan ke kira sure. Abin da ya raba miyarta da ta kowa shi ne kifin banda. Na taɓa zuwa da wuri na same ta tana gyara shi: ta jiƙa shi a ruwan zafi, ta zauna ta ɓare shi da hannu tana zare ƙaya ɗaya bayan ɗaya tana tarawa a murfin langa, kan kifin kuma ta daka shi a turmi tare da daddawa da citta da barkono. Shi ya sa ko ba ka sami tsoka a kwanonka ba, kowace loma kifi ce. Idan ta kwashe malmala ta zuba miya, sai ta ɗebo man shanu da ɗan ƙaramin ludayi ta zagaya saman. Ranar da kuɗinmu ya ƙare a ƙarshen zango takan ce, “Ku ci ɗiyana, in an aiko muku kun biya.” Ba ta da littafin bashi, kuma ban san wadda ta taɓa cinye mata ba.

Ta tsufa yanzu, surukarta ce ke kan tukunyar, hannun bai kai nata ba amma ya kusa. Irin waɗannan rumfuna suna nan a cikin tsohon gari, unguwannin da ke kewaye da Gidan Tarihin Kanta, wanda aka sa wa sunan sarkin da ya kafa daular Kabi. Ka je tsakanin azahar da la'asar, ka yi sallama ka ce Inna a ba ni tuwo. Tunda kuma ka je unguwar, ka shiga gidan tarihin. Tsohuwar fada ce da aka gina a ƙarni na sha tara, sarakuna suka zauna cikinta har 1942, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958. A ciki za ka ga kayan yaƙi da kayan kamun kifi na da, sai ka gane dalilin da ya sa kifi ke cikin kowace tukunya a garin.

Direban hanyar Sakkwato:
Shekara goma sha ina bin hanyar Sakkwato zuwa Birnin Kebbi, Argungu ce tsakiyar cikina. Ni dai farfesun kifi nake tsayawa sha. Shawarata guda: kar ka yarda a zubo maka daga tukunya ba ka ga kifin ba. Masu yi da gaskiya suna ajiye tarwaɗa da rai a cikin baho, ka nuna wadda kake so, a yanka a gabanka, ka je ka yi salla ka dawo ka tarar ta nuna. Tarwaɗar gulbi ta fi ta kiwo duhu da tauri, ba ta da kitsen nan mai ginsarwa. Ka tambaya kai tsaye, ta gulbi ce ko ta kiwo, yawancinsu ba sa ɓoyewa. In ka sami ƙurungu ma kar ka raina shi don ƙanƙanta, romonsa ya fi na kowane kifi daɗi, sai dai ka kula da ƙayar bayansa.

Baƙo daga Funtuwa:
Na gode ƙwarai. To giwan ruwa fa? Ni da na zo na ɗauka ko'ina zan gan shi a faranti.

Jikan masunta:
Malam, kowa da hakan yake zuwa. Giwan ruwan da kake gani a hoto mutum biyu na ɗauke da shi, na ranar biki ne. Wurin da ake yin gasar, Matan Fada, ba a su a cikinsa duk shekara, Sarkin Ruwa ke tsaron wannan doka, shi ya sa kifin ke samun sararin girma. Sai ranar da aka buga bindiga dubban mutane su faɗa ruwa da homa da gora. Bikin ya samo asali ne daga 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake karewa. An yi kusan shekara goma ba a yi ba kafin a dawo da shi a 2020.

Abin da muke ci kullum daga sauran sassan gulbi da tafkunan fadama yake fitowa, wani kuma bandar Yawuri ce ake kawowa. Karfasa, tarwaɗa, ragon ruwa, ƙurungu, su ne na yau da gobe. Giwan ruwa yakan faɗo jefi-jefi, kuma idan ya faɗo ba ya kaiwa rumfa, tun a bakin ruwa ake rabawa. In kana so da gaske, ka ƙulla da ɗaya daga cikin matan da ke soya kifi da yamma ka ce ta ajiye maka ranar da ya shigo. Kakata haka take yi wa baƙin kakana. Ba ta sa masa komai sai gishiri da ɗan tafarnuwa, ta soya a man gyaɗa, ta ba ka yaji a gefe. Naman fari ne fat, yana ɓarewa fale-fale, babu ƙananan ƙaya.

Lokaci ma yana da hannu a ciki. Da damina ruwa ya cika ya bazu cikin fadama, kifi ya warwatse, ɗanye yakan yi tsada sai a koma wa banda. Idan ruwa ya fara janyewa bayan kaka, lokacin ne za ka ci kifi har ka gode wa Allah.

Mai sayen shinkafa:
Ni kasuwanci ke kai ni. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Banki a Birnin Kebbi a 2015, aka kuma buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, baƙi sun ƙaru a garin, direbobin manyan motoci da dillalai da ma'aikata. Su ne suka jawo gidajen abincin zamani da baƙon namu ya gani a bakin titi. Ni ba zan kushe su ba. Ranar da zafin watan Afrilu ya taso, kana son inda za ka zauna ƙarƙashin fanka ka sha ruwa mai sanyi ka yi lissafi da abokin ciniki, nan za ka nufa. Wasu ma suna yin sakwara da egusi saboda mutanen kudu. Amma in shinkafa ce, ka nemi mai garau-garau da ke dafa 'yar gida, wadda mata ke turarawa su shanya da kansu. Ƙamshinta daban ne, kuma tana riƙe ciki har dare.

Uwar 'yan biyu:
Ni gargaɗi zan yi, don abin ya same ni. Mun je bikin 2020 da yara, garin ya cika maƙil, masu abinci daga ko'ina suka kafa rumfuna na kwana uku. Muka sayi soyayyen kifi wurin wani da bai ma san sunan unguwar da yake tsaye ba. Daren nan ban runtsa ba, yarinyata ƙarama ta yi ta amai har asuba, sai da aka ƙara mata ruwa. Daga baya matar gidan da muka sauka ta ce kifin jiya ne ake sake jefawa a mai. Ta koya mini in duba: wanda aka soya yau fatarsa na ƙyalli kuma yana da laushi in ka danna, wanda aka maimaita ya yi baƙi ya bushe kamar itace, man kuma ya yi duhu yana kumfa. Tun daga ranar, a kowane gari, wurin wanda ke zaune a unguwar nake saye, wanda gobe ma zan same shi a wurin.

Ɗan Gulma:
Allah shi ƙara ma yarinya lahiya, Hajiya. Gaskiya kin faɗi. Kuma Malam, kar ka bar garin ga ba ka sha hura ba. Mu nan hura abinci ce, ba abin sha ba. Da hantsi Hillani ka shigowa da nono cikin ƙwarya, suna zama gindin itace kusa da kasuwa. Ka ce a dama maka gabanka, ka ga dawon da idonka, na gero ne mai yaji da kanunfari. In ka tahi da ruwanka na leda ya hi, sai ta dama da shi. Wanda yas sha ludayi goma da rana ba ya neman komi sai magariba.

Tsohon ma'aikacin gona:
Ɗana, na yi shekara shida a Argungu kafin in yi ritaya, bari in ce wani abu kan mai shayin da ka ambata kamar ba komai ba. Kar ka bar shi. A gari irin wannan teburin mai shayi shi ne zauren baƙo. A can na san wanda ya samo mini gidan haya, a can na ji ranar da za a saki ruwa a fadama, a can aka fara gayyatata ɗaurin aure. Ka riƙe tebur guda, ka riƙa zuwa bayan isha'i, ka gai da kowa, cikin mako biyu za a san yadda kake son shayinka ba sai ka faɗa ba. Kusa da irin waɗannan tebura kuma akwai masu tukuba. Balangun rago da aka nannaɗe a takarda ya turaru a gefen wuta, a yanka maka albasa a kai, ka haɗa da burodi mai zafi, wannan shi ne abincin darena shekara shida.

Tunda kuma daga ƙasar Katsina kake, ka faɗa musu. Kabawa da Katsinawa abokan wasa ne tun zamanin Kanta, za su tsokane ka, amma za ka ga an ƙara maka tsoka a kwano.

Baƙo daga Funtuwa:
Jama'a, na dawo da labari, Allah ya saka wa kowa da alheri. Shekaranjiya na bi hayaƙi kamar yadda Ɗan Gulma ya ce, na sami mai masa a wani lungu, na tsaya a layi bayan yara huɗu. Jiya kuma bayan azahar na shiga tsohon gari. Ban san ko rumfar da Malama ta kwatanta ce na samu ba, amma akwai zana, akwai benci biyu, akwai wata tsohuwa zaune a kan tabarma tana tsince ƙaya tana zubawa a murfin langa, wata matashiya na kwasar tuwo. Na yi sallama na ce Inna a ba ni tuwo. Ta ɗaga kai ta tambaye ni daga ina, na ce Funtuwa. Ta ce wa mai kwasar, “Bakatsine ne, sa mishi kai.” Aka sa mini kan tarwaɗa guda a kan miyar kuka, man shanu na narkewa a gefe. Na cinye malmala biyu, na sha ruwan randa. Da zan tafi na roƙe ta in giwan ruwa ya shigo a ajiye mini, ta ce in riƙa leƙowa ranar da masunta suka kwana a gulbi, kuma in zo da kwanona.