Shawarwarin mazauna Gombe kan bitar tsarin unguwanni

A zaman da muka yi da masu unguwanni, limamai da wakilan mata, mahalarta sun amince cewa tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996, gine-gine suka riga tsari gudu, musamman a gefen gari inda ake yanka gonaki a sayar ba tare da an bar hanya ko magudanar ruwa ba.

Shawarar da aka fi daɗewa a kanta ita ce a daina auna nasarar tsari da taswirar da ke ofis, a riƙa zagayawa da ƙafa tare da mazauna, a watan Agusta lokacin da ruwa ke nuna inda aka yi sake. Wani dattijo daga Pantami ya kwatanta yadda kwari ya ci bayan gidansa har tubalin katanga ya fito fili, kuma a ganina irin wannan shaidar ta fi kowane rahoto nauyi. Mata sun nemi a riƙa sa taro da hantsi, a kuma yi bayani da Hausa da Fulatanci.

An tunatar da mu cewa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna a matsayin amana, saboda haka filin makaranta, maƙabarta ko kasuwa da aka keɓe ya kamata a kafa masa alama, a kuma ba mai unguwa kwafin taswirar ya ajiye.