Waɗanda suka taɓa riƙe sitiyarin motocin nan masu gudun tsiya, a ina kuka ƙure maleji?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na san a cikinmu akwai waɗanda suka tuƙa irin su Ferrari da Lamborghini, akwai masu gyara su, akwai kuma waɗanda aka ɗauka a ciki. Abin da ya faru da ku nake son ji. Tun 2005 da Bugatti Veyron ta haura kilomita 400 a awa, kamfanoni ke rige-rigen ƙara lamba a kan lamba. Ni sau ɗaya na taɓa shiga irinsu, abokin aikina ya rage mini hanya a tasa mai ƙarfin doki sama da 600. Cunkoso muka faɗa, har muka isa bai wuce giya ta uku ba, zafin injin kuma yana dukan bayana. Tun ranar nake tambayar kaina, gudun nan da aka biya kuɗinsa, wa ya taɓa morarsa, kuma a ina?

Injiniya: Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Ni na gwada, a Jamus, a kan babbar hanyarsu ta Autobahn inda wasu sassa ba su da iyakar gudu, ko da yake hukuma 130 take ba da shawara. Porsche 911 na ɗauka haya, na fita da asubar Lahadi saboda manyan motoci ba su cika fitowa ranar ba. Na kai 280. Gaskiyar magana ban yi daƙiƙa goma a nan ba. Can nesa na hango wata ƙaramar mota ta sa sigina za ta shigo layina, kafin in gama tunanin ko direbanta ya gan ni har na cim mata, sai birki.

Abin da ba ya fitowa a bidiyo shi ne yadda hanya ke tsukewa. A kilomita 300 mota na cinye kusan mita 83 a kowace daƙiƙa. Kwanar da ba ka ma san kwana ba ce a 120, a nan sai ka ji ta a hannu. Ga iska: idan ka ninka gudu sau biyu, turjiyarta na ninkuwa sau huɗu, ƙarfin injin da ake buƙata kuma sau takwas. Shi ya sa Veyron ta buƙaci silinda 16 da turbo huɗu, kuma idan aka ƙure ta, tankinta mai lita 100 ba ya wuce kamar minti 12. Hatta kilomita 490 da direban gwaji Andy Wallace ya yi da Bugatti Chiron a 2019, a filin gwaji na Ehra-Lessien da ke Jamus ya yi shi, inda akwai miƙaƙƙiyar kwalta ta fiye da kilomita 8 kuma babu kowa a kanta sai shi. Na dawo da motar tafin hannuna sharkaf da gumi, kuma ban sake sha'awar lambar ba.

Tsohon Bakanike: Injiniya ka faɗi gaskiya. Bari in ƙara da abin da idona ya gani a shekarun da na yi ina kwanciya ƙarƙashinsu. Mafi yawan waɗanda ake kawo mana, zama ne ya lalata su. Mota ta yi wata uku a rufe da tampol, batir ya mutu, robobi sun bushe har baƙin mai ya fara ɗiga, taya ta kwanta ta gefe ɗaya. Za ka ga taya zanenta sabo fil, amma shekarunta sun wuce, dole a cire, domin ba wanda zai yarda da tsohuwar roba a irin wannan gudun.

Na biyu shi ne haɓar gaba. Kusan duk wadda muka ɗaga sai mun tarar da ƙarƙashin bamba a goge. Tsakaninta da ƙasa bai fi faɗin tafin hannu ba, tudun rage gudu ko gangaren shiga gida ya ishe ta. Sababbin suna da maɓallin ɗaga gaba, amma mantuwa ɗaya ta wadatar. Akwai wasu tsofaffi kuma da sai an sauke injin gaba ɗaya kafin a canja bel. Duk da haka ina son aikinsu. Idan ka buɗe ka ga yadda aka tsara kowane bututu, babu waya ɗaya da aka jefa haka kawai, sai ka san masu sana'a ne suka zauna a kai.

Maman Ilham: Ni maigidana ne ya saya, mun yi shekara ɗaya da rabi da ita. Kujera biyu ce, ga yara uku, don haka duk fitar iyali tana gida. But ɗinta a gaba yake, ƙaramar jaka ɗaya ta cika shi. Shiga da fita da doguwar riga aiki ne. Abin da ya fi damuna shi ne idon mutane. Duk inda muka tsaya sai wayoyi sun taso, wasu direbobin kuma su matso jikinmu suna ɗaukar hoto da hannu ɗaya a sitiyari. Ya kai ga ba ya iya barinta a wajen ajiye motoci ya shiga wuri hankali kwance.

Amma ba zan ɓoye ba, akwai safiyar da ya ba ni na tuƙa a wata hanyar tsauni mai yawan kwana, babu kowa. Ban wuce 90 ba. Motar tana bin hannuna kamar ta san inda zan juya tun kafin in juya. Har yau ban tuƙa abin da ya yi mini daɗi haka ba. Da ya sayar, na yi kewar wannan safiyar.

Ɗan Tsere: Hajiya kin taɓo inda nake so. Baban Khalifa, ina ganin tambayarka ta tsaya a kan maleji, alhali ba nan daɗin yake ba. Sau huɗu ina zuwa ranar da ake buɗe filin tsere ga masu son koyo, sau ɗaya kuma na zagaya Nürburgring, filin tsere na Jamus mai tsawon kusan kilomita 21. Abin da ya girgiza ni birki ne. Mai koyarwa yana gefena yana cewa kada in taka, kada in taka, har sai da na ga kamar mun shige kwanar, sannan ya ce yanzu. Na taka da dukkan ƙarfina, bel ya riƙe ƙirjina, motar ta zube daga 220 zuwa 80 ba ta ko karkata ba. Birkin nan na kabon da yumɓu da ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa idan yana sanyi a cikin gari, sai ya ɗau zafi yake nuna kansa.

Kuma kada mu manta, abin da aka gwada a tsere yakan sauko. Birkin faifai da ke kusan kowace mota yau, nasarar Jaguar a tseren Le Mans na Faransa a 1953 na cikin abin da ya fito da shi. Gangar jiki ta zaren kabon kuma McLaren ta fara shigo da ita Formula 1 a 1981.

Injiniya: Na yarda da batun birki ɗari bisa ɗari. Sai dai abin da ka kwatanta, mota mai rabin wannan ƙarfin za ta ba ka shi. Ba sai mai doki 1,500 ba.

Ɗan Tsere: Haka ne. Mai koyar da ni ma da ƙaramar mota yake wuce ɗalibansa.

Alhaji Dillali: Ni ta ɓangaren ciniki na san su. Masu saye da yawa suna zuwa da labarin McLaren F1, wadda 106 kacal aka ƙera, darajarta kuma ta ninka sau da yawa tun shekarun 1990. Wannan gaskiya ne, amma irinta 'yan ƙalilan ne. Waɗanda ake ƙerawa da dubbai suna faɗuwa kamar kowace mota, ga inshora da sabis na shekara ko an hau ko ba a hau ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne mai saye na biyu yawan kilomitan da ta yi yake fara dubawa, don haka mai ita yana tsoron hawa. Na taɓa sayar da wata mai shekara shida da ba ta cika kilomita 3,000 ba. Mai ita dattijo ne, ya ce mini tun yana yaro yake mafarkinta. Ranar da aka zo ɗauka ya roƙi a bar shi ya zagaya da ita sau ɗaya, ya dawo idonsa ya yi ja. Ba mamaki da Lamborghini ta fitar da Urus mai ƙofa huɗu ta zama wadda ta fi sayarwa.

Auta: Yayyena ku ba ni wuri kaɗan. An ɗauke ni a wata motar lantarki ta iyali, mai kujera biyar, direban ya taka totur daga tsaye, cikin daƙiƙa uku da 'yan kai muna 100. Babu ƙara, sai dai cikina ya juya. Rimac Nevera ma, wata motar lantarki mai gudun tsiya, ƙasa da daƙiƙa biyu take yi. Fizgar da a da sai mai Ferrari ke ji, yanzu tana cikin motar kai yara makaranta.

Baban Khalifa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ɗan Tsere, ranar koyon nan ta shiga raina. Sai mutum yana da tasa motar? Kuma zagaye nawa ake yi?

Ɗan Tsere: Yawancin filayen suna da motocin haya da hular kwano, lasisinka kawai za su nema, amma ka karanta takardar inshora da kyau kafin ka sa hannu. Ka nemi mai koyarwa ya zauna gefenka, ka fara da mafi ƙarancin ƙarfi a cikin motocinsu. Ni zagaye biyar nake yi in fito in huta, domin daga nan taya ta yi zafi, wuyana ya gaji, kuma a lokacin nake fara kuskuren wurin taka birki.