Yarinya mai yawan mantuwa da shiririta: ciwo ne ko hali?

Malamar Aji Huɗu:
Assalamu alaikum. Ana cewa ciwon rashin tattara hankali, wato ADHD, na yara maza ne. To ita yarinya mai shiru-shiru, ba ta rigima, amma kullum hankalinta ba ya aji fa? Ta yaya za a gane ciwo ne ba sakarci ba?

Likitan Yara:
Wa'alaikumus salam, Malama. Namiji nasa da tsalle-tsalle yake zuwa, shi ya sa ake saurin gano shi. Mace kuwa a aike ta gishiri da magi ta dawo da magi kaɗai, ta ɗora tukunya ta manta har ta kama, ta fara jinga ta bari a rabi. Ana ta yi mata faɗa, wata sai ta kai sakandare damuwa ta fito da ita.

Ma'aunin da likitoci ke bi tun 2013: alamu 6 cikin 9 na rashin natsuwa (5 in ta kai shekara 17), sun daɗe wata 6, sun fara kafin shekara 12, kuma ana ganinsu a wuri biyu aƙalla, kamar gida da makaranta ko islamiyya. In a aji ɗaya kawai take yi, a binciki ajin.

Amma a fara auna ido, kunne da jini, don ƙarancin jini da rashin barci suna kawo irin wannan. Sai babba: in tana ƙura ido daƙiƙa 10 zuwa 20, a kira ta ko a taɓa ta ba ta amsa, wannan na iya zama ƙaramar farfaɗiya. Mai ADHD kina taɓa kafaɗarta za ta dawo.

Mai Haɗa Magunguna:
Ƙari a kan bayanin Likita. Cikin magungunan ADHD, ana fara Ritalin da miligiram 5, sau ɗaya ko biyu a rana, yana aiki awa 3 zuwa 4. Concerta mai miligiram 18 yana kai awa 12, da safe ake sha, kuma ba a fasa ƙwayar, in an fasa maganin ya fita lokaci guda. Duka biyun suna rage cin abinci, don haka ta karya kumallo tukuna. Shan yamma yana hana barci. A riƙa auna tsayi, nauyi da hawan jini. Strattera kuwa sai ya yi makonni kafin a ga aikinsa, nan iyaye ke gajiya su daina. Likitan ƙwaƙwalwa ne ke rubutawa, kada a je kemis a saya kai tsaye.

Mai Ba Ɗalibai Shawara:
Malama, naki a aji: ki dawo da ita layin gaba, nesa da taga. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya, ta maimaita miki da bakinta. Aikin minti 30 ki yanka shi uku, ki yaba mata duk wanda ta gama. Bulala ba ta gyara mantuwa, sai dai ta koya mata ɓoye littafin jinga.