Yaya zan gane inda Chaucer yake yabo da inda yake habaici?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Muna karanta gabatarwar littafin Canterbury Tales na Chaucer, marubucin Ingila da ya rasu a 1400, inda yake siffanta wasu matafiya ɗaya bayan ɗaya, an ce mu zaƙulo habaicin da ke ciki. Ni kuwa yabo kawai nake gani. Shugabar mata Kiristoci masu zuhudu, wai ko ɗigon miya ba ya zuba a ƙirjinta in tana cin abinci, kuma kuka take yi in ta ga ɓera a tarko. To ina laifin a nan?

Amsa ta farko: Wa alaikumussalam ƙanwata. Fara tambayar kanki, mene ne aikin matar nan? Ta ɗauki alkawarin ibada da gudun duniya. Sai ki duba a kan me aka yabe ta: iya cin abinci, Faransancin Stratford ta kusa da Landan wanda ba na Paris ba, da 'yan karnukanta da take ba gasasshen nama da madara da farin burodi. Duk tausayin nan a kan ɓera da kare ya ƙare, ba a ambaci talaka ko ɗaya ba. Chaucer bai ce ta yi laifi ba, ya jera kayan ne ya bar miki hukunci.

Amsa ta biyu: Gaskiya ne Malam. Ki kuma yi hattara da mai ba da labarin, da gangan yake nuna kamar bai waye ba. Akwai wani Kirista mai zuhudu da ya bar littafi ya kama farauta, yana cewa dokar zuhudu tsohon yayi ce, sai mai labarin ya ce ai ra'ayinsa mai kyau ne. In kin ga ya amince da sauri haka, dakata. Likitan da ke cikin matafiyan ma an yabi iliminsa, sannan aka ce ya adana abin da ya samu lokacin annoba.

Amsa ta uku: Amma kada ki wuce gona da iri, 'yar uwa. Limamin cocin ƙauye da ɗan'uwansa manomi yabon gaske aka yi musu, domin aikinsu ya dace da matsayinsu. Mayaƙin da aka fara siffantawa kuwa masana na ta jayayya a kansa. A jarrabawa ki ɗauki mai sayar da takardun yafe zunubi, wanda ke yawo da ƙasusuwan alade a matsayin na waliyyai. Nasa a fili yake.