Attaruhu a cikin ɗaki: tukunya mai lita nawa zan saya?

Maman Sadik, Hamburg:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa noman attaruhu a tukunya a ƙasashen sanyin nan. Na cire iri daga jajayen da nake saya a shagon 'yan Afirka, na shuka a watan Janairu kusa da hita, Allah ya sa suka tsiro. Yanzu ina da guda shida, kowanne a cikin kofin yogot, kuma saiwa ta fara leƙowa ta hujin da na yi a gindin kofin.

Barandarmu arewa take kallo, rana ba ta zuwa mata, don haka a ɗaki za su zauna ƙarƙashin fitilar LED. Wurin da na ware musu santimita 80 ne tsawo da faɗi. A shagon kayan lambu na ga tukwane masu lita 5, 10, 20 har da 30. Maigida ya ce in ɗauki mai 30 a huta, kada a yi ta canje-canje. Maƙwabciyata kuma ta ce mai 5 ya isa, a ciki take shuka ganyen miyarta. Ni dai na san attaruhu ba ya sauri, shi ne abin da ya sa na kasa yanke shawara.

Baban Yara, Winnipeg:

Wa alaikumus salam Maman Sadik. Ki ba maigida haƙuri, amma kada ki ɗauke su daga kofin yogot kai tsaye zuwa lita 30. Shukar da saiwarta ba ta cika tafin hannu ba, ba za ta iya shanye ruwan da ƙasa mai yawa haka ke riƙewa ba. Sama za ta bushe ki ɗauka ƙishi take ji, alhali can ciki caɓi ne. Saiwa tana buƙatar iska kamar yadda take buƙatar ruwa, idan ta rasa sai ta ruɓe, ganye ya yi rawaya ya langwaɓe, ke kuma ki ƙara ruwa. Sannan ƙananan baƙaƙen ƙudajen nan da ke tashi daga tukunya, jiƙaƙƙiyar ƙasa suke nema su yi ƙwai.

Mai lita 5 kuwa ya dace da ganyen miya, saboda ana tsinke shi ne kafin ya tsufa. Attaruhu daban ne. Daga dashe zuwa nunar fari yana cin kwana 90 zuwa 120, kuma bayan nan ba ya tsayawa: yana huda, yana ɗaukar 'ya'ya, yana sake huda, wata da watanni. Asalinsa daga yankunan zafi na Kudancin Amurka ne, inda babu hunturu, shi ya sa in bai gamu da sanyi ba yana iya rayuwa shekaru. Duk tsawon wannan lokaci saiwa ba ta daina girma. A ƙaramar tukunya sai ta nannaɗe kanta a jikin bango, ƙasar ta ƙare, ki zuba ruwa da safe kafin la'asar ta bushe. To wannan bushewa da jiƙewa, bushewa da jiƙewa, ita ke sa fure ya kakkaɓe, kuma 'ya'yan da suka tsira wasu ƙasansu ya yi baƙi ya lotsa.

Ga yadda nake yi. Daga kofi zuwa mai lita 2 ko 3. In saiwa ta cika shi, wato kin juyo shi a hannu kin ga fararen zare sun zagaye ƙasar amma ba su yi kitso ba, sai a kai shi gidansa na ƙarshe, lita 12 zuwa 15. A yi wannan dashen kafin ya shiga huda sosai, don in an taɓa saiwarsa yana cike da fure, zubarwa yake yi. A nan Kanada da bokitin galan 5 mutane suka saba, kusan lita 19 ke nan, amma wannan na waɗanda ke da rana a waje ne. A ɗaki haskenki ne zai yanke girman shukar, ba tukunya ba.

Hajiya Babba, Bremen:

'Yata, ki riƙe maganar Baban Yara. Abin da zan ƙara shi ne irin tukunyar. Ki nemi ta yadi, baƙar nan mai hannu biyu. Idan saiwa ta iso jikin yadin ta ji iska sai bakinta ya bushe, ta yi rassa a ciki maimakon ta yi ta zagaye. Ruwa kuma ba ya kwanciya. Illarta ɗaya, tana saurin bushewa, musamman da hita a kunne, don haka in ta yadi ce ki ɗauki mai 15 ba mai 12 ba, ki sa faranti mai zurfi a ƙarƙashi saboda daɓen masu gida.

Tun da dokar Jamus ta ranar 1 ga Afrilun 2024 ta halatta wa baligi shuka wiwi har guda uku a gidansa, shagunan masu wannan harka suka cika da tukwanen yadi da fitilu. Ni can nake sayen nawa, in gaya wa yaron shagon cewa barkono nake shukawa, kuma ya san abin da zai ba ni, don su ma masu noman wiwin da ke daɗewa yana fure wannan lissafin saiwa suke yi. Ki sayi farar tsakuwar nan mara nauyi da ake kira falayit, ki gauraya kashi ɗaya cikin huɗu da ƙasar.

Maman Sadik, Hamburg:

Na gode Baban Yara, na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. To yanzu na auna, mai lita 15 faɗinta kusan santimita 30 ne. Shida ba za su shiga wurin ba. In sayi masu 10 ke nan in cusa su duka? Wallahi ba na son rabuwa da ko ɗaya.

Baban Yara, Winnipeg:

Na fahimce ki, amma kada ki cusa. Ba tukunyar ce za ta cika wurin ba, rassan ne. Attaruhun da ya ji daɗi yana buɗewa fiye da rabin mita. Shida a wurin nan za su yi wa juna inuwa, su miƙe zalo-zalo suna neman fitila, 'ya'ya a can sama kawai. Ki zaɓi uku mafi kauri, iyaka huɗu. Sauran ki ba wadda barandarta ke kallon kudu, ta fitar da su bayan tsakiyar Mayu in sanyin dare ya wuce.

Fitila awa 14 zuwa 16 a rana. Kafin ki yi ban-ruwa ki ɗaga tukunyar, in da nauyi ki bar ta sai gobe. Idan fure ya buɗe ki riƙa girgiza reshen a hankali da rana, tunda babu iska ko ƙudan zuma da za su yi masa barbara a ɗaki. Kuma daga lokacin ki koma takin tumatir, mai sa ganye kaɗai ki rage shi.