Wace kalma za mu ba "terme dépassé"?

'Yan uwa masu aikin ɗakin haihuwa, ina neman taimako. Jiya a nan Garwa likita ya rubuta wa wata mai ciki "terme dépassé" da Faransanci a katin awo, aka ce in fassara wa surukarta. Na ce ciki ya wuce lokacinsa. Tsohuwar ta gyara mayafi ta ce, "Af, ashe kwantacce ne, 'yata. Zai tashi da kansa." Har ta fara naɗe tabarma.

To kun ga inda gizo ke saƙar. A wurin iyayenmu kwantaccen ciki abu ne da ake jira ko shekara nawa zai yi. Wannan kuwa jiran ne haɗarin. Mabiyiya tana tsufa, ruwan da yaron ke ciki yana raguwa, wani lokaci har ya yi kashinsa na farko ya shaƙa.

Wani malami ya ce mu ce "cikin wata goma". Malam, a gafarce ni, wannan ba za ta ɗauke mu ba. Mako 40 na cikin da ya kai lokacinsa kwana 280 ne, wata tara da rabi ke nan a lissafin ganin wata. Duk mai ƙirga da watan sama sai ta shiga na goma alhali lafiyarta ƙalau. Mu tsorata mata a banza?

Wata yayarmu, ungozoma a Marwa, ta kawo wadda ta kwanta mini: a raba biyu yadda takardun Faransanci suka raba. Mako 41, "grossesse prolongée", mu ce ciki ya gota. Mako 42, "terme dépassé", mu ce ciki ya zarce. Gota ɗan tsallake layi ne, zarce kuwa an bar tashar sauka a baya. Yaya, Allah ya ƙara basira.

Rabon na da amfani, domin tun a mako 41 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a tayar da naƙuda, in dai an tabbatar da lissafin. Nan ne muke shan wuya: da yawa ba sa riƙe ranar jininsu na ƙarshe, eko (hoton ciki) na watanni ukun farko kuma, wanda ya fi faɗin gaskiya, sai mai hali. In ana shakka sai a ɗaura mata na'ura a saurari zuciyar yaron, 110 zuwa 160 a minti shi ne daidai, a duba yawan ruwa, a tambaye ta ko motsi ya ragu.

Na koma na ce wa tsohuwa, "Inna, ba kwanciya ya yi ba, zarcewa ya yi, guzurinsa na ƙarewa." Ta yi shiru, ta warware tabarmar.

Saura "souffrance fœtale", wato in alamu sun nuna yaron da ke ciki ba ya samun isasshiyar iska. Na gwada "yaro na shan wahala", uwar ta fashe da kuka tun ban rufe baki ba. "Ya galabaita" fa, ko ta fi zafi?